Hannun jari da takardun bashin gwamnati: kowa da hanyarsa, ko igiya ɗaya ce ta ɗaure su?

Mushe: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, ina roƙon waɗanda suka san harkar kuɗi su ba ni ɗan lokacinsu. Na sayar da filina na hanyar Ƙonni, kuɗin suna kwance a banki yau wata biyu. Ɗana da ke Abijan ya ce kada in bar su haka, in raba su gida biyu, rabi in sayi hannun jari a BRVM, kasuwar hannun jarin yankinmu da ke Abijan, rabi in sayi takardun bashin gwamnati. Hujjarsa wai su biyun kamar sikeli suke, in wannan ya yi ƙasa wancan sai ya yi sama, don haka asara ba za ta same ni ta fuska biyu a lokaci guda ba. Ni shekara talatin da biyu na yi da alli a hannu, wannan ba fannina ba ne. Shekaru sun ja, kuma irin kuɗin nan ba zan sake riƙe su ba. Gaskiya yaron ya faɗa?

Mai Albasa: Wa alaikumus salam Mushe. Kawo su Galmi. Lokacin girbi mu saya maka albasa da araha, mu zuba a rudu, in damina ta wuce ka ga abin da buhu zai kai. Abin da idonka ke gani ya fi takarda.

Ɗan Abijan: Baba, ɗanka bai yi ƙarya ba, haka ake koyarwa ko'ina. Ni kaina ina da hannun jari a Sonatel, kamfanin wayar Senegal, shekara bakwai ke nan, kowace shekara ana turo mini rabon riba. Ina da takardun gwamnatin Kodebuwa su ma. Ban taɓa nadama ba. Alhaji, albasa tana ruɓewa a rudu, kai ka fi kowa sani.

Mai Albasa: Tana ruɓewa, amma ina shiga in juya ta da hannuna in fid da ruɓaɓɓiyar. Kai takardarka in ta fara ruɓewa ta ina za ka sani?

Ɗiyar Ader: Ina wuninku iyayena. Baba Mushe, wannan tambaya ita ce ainihin abin da nake rubuta kundin digirina na biyu a kansa a Jami'ar Abdou Moumouni, don haka ku yi mini haƙuri in na tsawaita.

Maganar sikeli tana da asali. Daga Amurka ta fito. Tun daga wajen shekarar 2000 har zuwa 2021, duk lokacin da tsoro ya kama masu kuɗi a can, sai su sayar da hannun jari su ruga su sayi takardun gwamnatinsu, domin a ganinsu gwamnatin Amurka ba za ta kasa biya ba. Sai hannun jari ya faɗi, takardun su yi tsada. Wanda ya raba kuɗinsa biyu sai ya tsira da rabi. Shekara ashirin ana ganin haka, har mutane suka ɗauka doka ce kamar fitowar rana.

To amma ko a can ba doka ba ce. A 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9 cikin 100 a tsakiyar shekara, babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4. Ma'aunin S&P 500 na hannun jarin Amurka ya faɗi da kusan kashi 19, takardun bashi suka faɗi da kusan kashi 13, a shekara ɗaya. Kwanukan sikelin biyu suka yi ƙasa tare. Kafin 2000 ma, a shekarun 1970 da 1980, tare suka fi tafiya.

Wannan a ƙasar da takardar gwamnati mafaka ce. Mu a nan, ranar da tsoro ya zo, takardar gwamnati tana cikin abin da ake gudu.

Hajiya: Ɗiyata, tsaya tukuna. Ni abin da ban gane ba, ta yaya takardar bashi za ta faɗi? Na ba gwamnati jika goma, ta ce za ta mayar mini da jika goma da ɗan ƙari. Ina faɗuwa a nan?

Ɗiyar Ader: Inna, tambayarki ita ce ƙofar maganar duka. Bari in yi misali. Takardar bashin gwamnati da ake kira OAT, guda ɗaya jika goma ce. A ce kin saya, ana ba ki kashi 6 a shekara, wato sefa 600, dala ɗari da ashirin. Saura shekara uku wa'adinta ya cika. Sai gwamnati ta matsu da kuɗi ta fito da sabuwa mai ba da kashi 8. Ke kuma aure ya taso miki, kina son sayar da taki. Wa zai ba ki jika goma a kan mai kashi 6 alhali ga mai kashi 8 a gabansa? Sai kin rage. In aka yi lissafi, wajen jika tara da rabi za ta tsaya. In kuwa saura shekara goma ne ba uku ba, ragin ya fi haka yawa sosai. In kin iya haƙuri har wa'adi ya cika, kuma gwamnati ta biya, jika gomanki na nan. Faɗuwar tana kan wanda ya sayar kafin lokaci.

Yanzu ki duba ta ɗaya ɓangaren. Mai kuɗi yana ganin gwamnati na ba da kashi 8 yana zaune a inuwa. Kamfani kuma yana raba masa ribar kashi 6, ga kasadar cewa baɗi ribar ta ragu. Ba zai sayi hannun jarin ba sai farashinsa ya sauko. Kin ga abu ɗaya, wato tashin kuɗin ruwa, ya taɓa tsohuwar takarda, ya taɓa hannun jari.

Hajiya: Yauwa. Kamar adashe ne in an buɗe wani sabo mai ɗauka da wuri, kowa sai ya fara neman hanyar fita daga tsohon. Na gane.

Akanta: Ƙanwata ta yi bayani mai kyau, amma akwai igiyar da ta fi wannan kauri a yankinmu, ita ce bankuna. Ina aikin lissafi a Yamai shekara goma sha biyar, kullum ina karanta rahotannin shekara na bankuna. Ku tambayi kanku, in hukumar UMOA-Titres ta yi gwanjon takardun gwamnati daga Dakar, su wa ke saye? Mafi yawa bankuna ne. Sa'an nan ku buɗe jerin kamfanonin BRVM, kamfani arba'in da wani abu, ku ƙirga nawa ne bankuna: Ecobank, Société Générale ta Kodebuwa, Coris, NSIA, Oragroup, rassan Bank of Africa a ƙasashe da dama. Mu Nijar kamfani ɗaya tal muke da shi a kasuwar, shi ma banki ne, BOA Niger.

Ma'anar wannan, wanda ya sayi hannun jarin banki ya sayi bashin gwamnati ta bayan gida bai sani ba. In ya zo ya ƙara sayen takardun gwamnatin da hannunsa, yana ganin ƙwai ya raba cikin kwando biyu, alhali kwandunan a kan jaki ɗaya suke.

Ɗan Abijan: Yaya Akanta, ban yarda da wannan duka ba, kuma ina da hujja. Ku tuna 2023. An yi juyin mulki a Nijar 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi 30 ga wata, washegari aka soke gwanjon takardun sefa biliyan 30 da Nijar ta shirya. Aka rufe asusun ƙasa a BCEAO, babban bankin yankinmu, wa'adin takardu ya yi ta cika ba a biya, har abin da ya taru ya haura biliyan 300 zuwa Fabrairun 2024. To me ya sami BRVM a wannan shekara? Ba ta faɗi ba. Sama ma ta yi da wajen kashi 5, a 2024 kuma ta yi sama da fiye da kashi 25. In igiya ɗaya ce, me ya sa ba ta ja ta ƙasa ba?

Akanta: Saboda BRVM sunanta kasuwar ƙasashe takwas, amma nauyinta a Abijan da Dakar yake. Sonatel da Orange ta Kodebuwa su kaɗai sun ɗauke babban kaso na darajar kasuwar. Kamfanin wayar Senegal da kamfanin roba ko manja na Kodebuwa ina ruwansu da baitulmalin Yamai? Abin da ka kawo gaskiya ne, amma ba yana nuna hannun jari da takarda sun rabu ba ne. Yana nuna Nijar da Kodebuwa ƙasashe biyu ne. Abin da ya cece ka bambancin ƙasa ne, ba bambancin nau'in takarda ba.

Ɗan Abijan: To ai ga Baba duk ɗaya ne. In ya sayi Sonatel da takardar Nijar, ya rabu biyu ke nan.

Akanta: A nan na yarda da kai. Sai dai ya san dalilin da ya sa suka rabu, kada gobe ya je ya haɗa bankin ƙasa da takardar wannan ƙasar ya ce ya bi shawarar sikeli.

Mushe: Ina biye da ku, ina rubutawa a littafi. Amma maganar nan ta rashin biya ta tsaya mini a rai. Daga baya an biya mutane?

Akanta: An ɗage takunkumin 24 ga Fabrairu 2024, Baba, Nijar ta koma kasuwar a Afrilu, ta shiga warware abin da ya taru. Ba ƙin biya aka yi ba, hanyar biyan aka toshe. Haka ya faru da Mali a 2022, daga Janairu zuwa Yuli. Amma ga wanda ke jiran kuɗin ya sayi magani ko ya biya kuɗin makarantar yara, watannin nan ba su san dalili ba. Bayan an dawo kuma kuɗin ruwan da masu saye ke nema a kan takardun ƙasashen Sahel ya fi na Kodebuwa ko Benin. Kamfanin Moody's ya sauke darajar bashin Nijar har zuwa Caa3, matakin da ke kusa da ƙasan ma'auninsu, a Fabrairun 2024, irin wannan tabo ba ya gogewa da wuri.

Ɗiyar Ader: Baba, akwai misalin da ya fi namu muni, kuma ya shafi mutane irinka kai tsaye. Ghana. A Disamba 2022 gwamnatinsu ta ce ba za ta iya biyan bashin cikin gida yadda aka yi alkawari ba, kowa ya kawo tsohuwar takardarsa a musanya masa da sabuwa mai ƙaramin ruwa da dogon wa'adi. Bankunan ƙasar da yawa suka rufe shekarar da asara, domin cikinsu cike yake da takardun nan. Tsofaffin ma'aikata suka riƙa zuwa bakin ma'aikatar kuɗi a Accra suna zaman dirshan, har tsohuwar Babbar Jojin ƙasar, Sophia Akuffo, ta je ta zauna tare da su. Wanda ke da takardar gwamnati da hannun jarin banki a lokacin, ta biyun aka mare shi.

Mushe: Innalillahi. Mutum ya gama aiki ya koma zaman titi.

Mai Canji: Salamu alaikum, yanzu na rufe shago na ga saƙonni sun taru. Ni daga Ƙonni zan kawo muku abin da nake gani da idona, don kun manta da abu na uku, kuɗin kansa. Ku leƙa Najeriya. A 2023 kasuwar hannun jarin Legas ta tashi da kusan kashi 46, a 2024 ta ƙara wajen kashi 37. Wanda ya ji haka zai ce an yi arziki. Amma a Yunin 2023 aka saki naira, dala da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 cikin 2024. Hauhawar farashi ta kusa kashi 35 a ƙarshen 2024. Mutanen Illela da ke tsallakowa canji, abin da a da suke kawowa a aljihu sai suka koma kawowa a leda. Wanda ya ba gwamnatinsu bashi a kan kashi 12 ko 13 kafin wannan, an biya shi cif, ba a rage ko kwabo ba, amma kuɗin da aka ba shi ba sa sayen rabin abin da suke saye a da. Mai hannun jari ya ɗan kare kansa, don kamfani na ƙara wa kayansa kuɗi. To a nan sun rabu, amma ba irin rabuwar da ɗan Mushe ke nufi ba. Takardar ce ta nutse, ba ita ta yi ceto ba.

Ɗiyar Ader: Kawu Mai Canji, wallahi wannan shi ne babin da ya fi ba ni wahala. Dangantakar tana canza fuska gwargwadon abin da ya kawo girgizar. In kuɗin ruwa ne ya tashi, su faɗi tare. In gwamnati ce ta kasa biya, su faɗi tare, bankuna a gaba. In darajar kuɗi ce ta zube, takarda ta fi jin jiki. Yanayin da takarda ke tashi ta rufa wa hannun jari asiri shi ne lokacin da kasuwanci ya yi sanyi, farashi na kwance, kuma kowa ya amince da baitulmali. Wannan yanayi shi ne ya fi ƙaranci a ƙasashe masu tasowa.

Mu abin da ya bambanta mu da Najeriya, sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Shi ya sa ko a 2022 da duniya ta ɗau zafi, hauhawar farashi a yankin UEMOA, ƙasashe takwas masu sefa irin tamu, ta tsaya wajen kashi 7.4, BCEAO kuma ta ɗaga kuɗin ruwanta a hankali daga kashi 2 zuwa 3.5 a ƙarshen 2023. Ka kwatanta da kashi 27.5 da babban bankin Najeriya ya kai a ƙarshen 2024.

Mushe: Ɗiyata, ɗaurin nan ni na ga ranar da aka sassauta shi. Janairun 1994, ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Keita. Muka kwana faran ɗaya na Faransa sefa 50, muka tashi sefa 100. Albashi bai motsa ba, amma magani da littafi da duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi. Ba a haife ki ba lokacin. Duk wanda ya ce mini takardar shekara goma, wannan safiyar nake tunawa.

Mai Canji: Ga kuma maganar sabon kuɗin AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, da ake ta yi a bakin kasuwa.

Hajiya: Don Allah kada a shigo da siyasa, an sha ɓata zumunci a zauren nan a kanta.

Akanta: Ba siyasa za mu yi ba Hajiya. Abin da yake tabbas, ƙasashen uku sun fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma suna cikin UEMOA, sefa suke kashewa, suna kuma cin bashi a kasuwar yankin. Mai sayen takarda dai ya san tsawon wa'adi shi ne tsawon abin da zai iya faruwa. Wata goma sha biyu daban, shekara bakwai daban. Iyakar maganata ke nan a kai.

Ɗan Abijan: Bari in kawo abin da ke goyon bayan ɗan Baba, ko da yake ni ya ci. Daga 2016 zuwa 2020 BRVM shekara biyar a jere tana faɗuwa. A 2018 kaɗai ta zube da wajen kashi 29. Na shiga a tsakiyar wannan, na ga kuɗina suna narkewa. Abokina da ya sa nasa a takardun gwamnati yana karɓar kashi 6 ɗinsa kowace shekara hankali kwance. Sai 2021 kasuwar ta farfaɗo da kusan kashi 39. To a shekarun nan biyar takarda ba ta yi ceto ba? Ƙanwata, amsa mini wannan.

Ɗiyar Ader: Ta yi, Yaya, ba zan musa ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo yau. Amma ka lura da irin ceton. Takardar ba tashi ta yi don hannun jari ya faɗi ba. Tsayawa ta yi wuri ɗaya tana biyan abin da ta yi alkawari. Wannan amfani ne na gaske, kuma shi ya sa ban ce wa Baba kada ya saya ba. Sai dai bango daban, sikeli daban. A ganina ma akwai hannun takardun a cikin faɗuwar, domin kuɗin da ke yankin ba su da yawa, in gwamnatoci takwas suna ta gwanjo da ruwa mai daɗi, kamfanonin inshora da asusun fansho me zai kai su kasadar hannun jari?

Akwai kuma wani abu da ke ruɗin masu bincike. Takardun bashin da ke BRVM ba a cika saye da sayar da su ba. Wanda ya saya ajiyewa yake yi. Sai ka ga farashin takarda ya yi makonni bai motsa ba. In ka zuba lambobin a kwamfuta za ta ce maka babu wata alaƙa tsakaninta da hannun jari. Ba rashin alaƙa ba ne, rashin ciniki ne. Rumfar da ba a buɗe ba ba a sanin farashin kayanta.

Hajiya: Wannan na gani da kaina. Ƙanena ya taɓa son sayar da tasa kafin wa'adi saboda rashin lafiyar matarsa, sai da ya yi kusan wata yana jiran mai saye, ƙarshe da ragi ya rabu da ita.

Mai Albasa: To ɗiyata, kin ce dogon zango. Mene ne bambancinsa da na yau da gobe? Ni a sana'ata shekara ɗaya ita ce dogon zango.

Ɗiyar Ader: Alhaji, da sana'arka zan ba ka amsa. Farashin buhun albasa a Galmi da farashinsa a Abijan. Yau na Galmi zai iya sauka don motoci ba su zo ba, na Abijan ya tashi don an yi ruwa hanya ta lalace. In ka duba na mako ɗaya za ka ce ba su san juna ba. Amma tazarar ba ta iya wuce wani iyaka, domin da ta yi faɗi kai da abokanka za ku loda motoci ku tafi, sai ta dawo daidai kuɗin mota da na hanya da ribarku. In ka jera farashin shekara ashirin za ka ga tare suke hawa tare suke sauka. Masana biyu, Robert Engle da Clive Granger, su suka fitar da hanyar auna irin wannan ɗauri a 1987, aka ba su kyautar Nobel a 2003. Tambayar da ake yi wa kasuwannin kuɗi ita ce, akwai motar da ke zirga-zirga tsakanin hannun jari da takardun bashi? A wurinmu motar ita ce bankuna da kamfanonin inshora da asusun fansho. Su ne ke kwashe kuɗi daga nan su kai can in tazara ta yi yawa.

Wahalar aikin a yankinmu ita ce ƙuruciyar kasuwar. BRVM ta fara ciniki a Satumbar 1998, UMOA-Titres kuwa sai 2013 aka kafa ta. Amurka na da lambobin shekara ɗari.

Mai Albasa: Yanzu kin yi magana da yarena. Amma ki ƙara da cewa in aka rufe iyaka motar ba ta wucewa. Mun gani da aka rufe gadar Gaya, albasa ta yi ta lalacewa a hannunmu, can kuma suna nema.

Ɗiyar Ader: Haka ne Alhaji, kuma takunkumin 2023 abin da ya yi wa kuɗi ke nan.

Malam: Assalamu alaikum. Na karanta duka, na ƙaru. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓa, kuma Mushe ya kamata ya ji shi kafin ya sa hannu. Takardar da za ka ba da jika goma a mayar maka da jika goma da ƙari tabbatacce saboda lokaci, wannan shi ne kuɗin ruwa, hukuncinsa a bayyane yake a ƙarshen Suratul Baƙara. Hannun jari kuwa tarayya ce, riba tare asara tare, malamai da yawa sun halatta shi in sana'ar kamfanin halal ce. Amma a duba, a kasuwar nan akwai kamfanin giya, akwai na taba, ga bankunan da kuka ambata.

Mushe: Allah ya gafarta Malam, abin yana raina, ina jin nauyin tambaya ne. To mai son abin da ke tsaye kamar bango, ba shi da hanya?

Malam: Akwai sukuk. A maimakon bashi, ana ba ka kaso ne a cikin wata kadara, gini ko hanya, gwamnati na biyan haya. Senegal ta fara a yankinmu a 2014 da biliyan 100, Kodebuwa ta biyo a 2015, Togo a 2016, Mali a 2018. Najeriya ta yi nata a 2017 ta gina hanyoyi da shi. Sai dai ba kullum ake fitar da shi ba, sai ka sa dillalinka ya sa maka ido.

Akanta: Allah ya saka, Malam. Abu ɗaya zan ƙara don kada Baba ya ɗauka sukuk ya fita daga igiyar. Ta fuskar shari'a ya bambanta, amma mai biyan hayar gwamnatin nan ce dai. In baitulmali ya shiga matsi, shi ma zai ji. Ku dubi Senegal, wadda kowa ke ganin ta fi mu tsari. A Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗinsu ta bayyana cewa bashin ƙasar a ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, ba kashi 74 da aka sanar ba. Tun daga nan suka ƙara dogara da kasuwar yankin, bankunan maƙwabta na ɗauke da takardunsu. Wannan ne irin abin da nake sa wa ido yanzu fiye da farashin kowace rana.

Ɗan Abijan: Wannan kam ya taɓa ni, Sonatel ɗina a Dakar take. Ko da yake tana aiki a Mali da Gini da Saliyo da Gini Bisau, ba Senegal kaɗai ba.

Akanta: Shi ya ba ta ƙarfi. Amma gwamnatin da ta matsu, kamfanin da ya fi kowa riba take fara duba wa haraji.

Mushe: Jama'a, Allah ya biya ku. Na kira yaron bayan isha'i, na karanta masa abin da na rubuta, mun yi kusan awa guda. Ya ce shi ma a littafin Turawa ya karanta, bai taɓa tunanin maganar bankuna ba. Ga inda na tsaya. Takardar ruwa na bar ta, saboda maganar Malam. Zan ware abin da zai riƙe gida shekara biyu, wannan ba zai je ko'ina ba. Wani kaso zan sa a kamfanonin da ba banki ba, ba kuma a ƙasa ɗaya ba, kuɗin da na san ba zan nema ba kafin shekara biyar. In sukuk ya fito mai gajeren wa'adi zan duba. Alhaji, kai ma zan kawo maka na buhu kaɗan a girbi, amma kai za ka riƙa juyawa.

Saura abu ɗaya. Dillalin nan da ake bi ta hannunsa, ta yaya zan san na gaskiya ne? Shekarun baya wasu sun zo Tahoua da takardu masu hatimi, sun kwashe kuɗin mutane da yawa a unguwarmu.

Akanta: Baba, kamfanoni ne da ake kira SGI, kuma ba mai yin aikin sai da lasisin hukumar AMF-UMOA mai sa ido kan kasuwar, wadda a da ake kira CREPMF. Sunayen masu lasisi na shafin hukumar da na BRVM. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu, ta banki za su bi zuwa asusun da aka buɗe da sunanka, kuma ka nemi su rubuta maka duk abin da za su cire na aikinsu kafin ka sa hannu. Ranar Alhamis zan zo Tahoua ta'aziyya, in ka yarda in biyo gida bayan la'asar mu duba jerin tare.

Mushe: Ina gida. Ka zo da takardar kamfanonin a buge, idona ba ya jure karatu a waya.